Yadda Na Zana Jeren Inna

Kwanan baya na bi matar ɗana zuwa kasuwar Ƙonni, za ta sayi kayan ɗakin ƙanwarta da ake shirin kaiwa gidan miji. Muka shiga rumfa muka fita rumfa, ko'ina roba ce, ja da shuɗiya da koriya, sai kuloli da tukwanen nan masu zuwa cikin kwali. Na tambayi wani saurayi mai rumfa ko yana da tasar tagulla. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Hajiya, wace iri ce kuma wannan?" Ban ji haushi ba, dariya ma na yi, yaron bai taɓa ganinta ba ne. Sai dai tun da muka koma gida ɗakin mahaifiyata yake ta dawo mini, in na zauna in na tashi, har ina jin ƙamshin tsamiyar da muke goge kwanoni da ita.

Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, ƙofarsa na duban gabas. Ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can sama wadda tsuntsaye suka mayar gidansu. Amma in kika ɗaga asabari da hantsi kika shiga, sai kin runtse ido, don bangon da ke fuskantar ƙofa jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Manyan fanteka masu zanen furanni su ne a ƙasa, langa da kumbo a bisansu, farantai kuma an manna su a bango layi-layi. A tsakiya tasoshin tagulla suke, an kifa su a jingine, cikinsu na duban mai shigowa. Gefe guda ga gadon ƙarfe mai ƙwallaye masu ƙyalli a kusurwoyinsa, ga wani madubi mai bakin katako rataye a ƙusa. Yanzu amarya kan rufe kayanta cikin kabad ta sa makulli, sai ranar suna a buɗe. A lokacinmu kayan mace a fili suke, kuma aikinsu ba ya ƙarewa. Duk Alhamis, ranar da ba mu zuwa lakwal, wato makarantar boko, sai an sauko da su tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, a kawo toka mai laushi da ruwan tsamiya da tsumma. Muna guga muna jin luguden maƙwabta, da kiran Fulani masu nono daga bakin zaure, da kukan jakunan masu kawo ruwa, murafe na ta ƙara ƙwal-ƙwal. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce mai duba aiki. Ta kan ɗaga kwano ta kanga shi da fuskarta, ta washe baki ta ce, "Koma ki sake, ban ga haƙorana ba." Alhali haƙoran da suka rage mata ba su kai a neme su cikin kwano ba.

Ni ce ɗiyar fari. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, su da uwa ke kiran sunan ɗanta na fari a waya, har ta haɗa da wani sunan shagwaɓa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in ta yi nisa kuma "waccan". Ba ta dubana ido cikin ido, ba ta zama hira da ni, in za ta ba ni abu sai ta ajiye ta ce wa ƙanena ya gaya mini. A ɗakin kakata nake kwana, ita ke yi mini kitso. Ban taɓa ɗaukar haka a matsayin ƙiyayya ba, don duk 'ya'yan fari na unguwarmu haka suke. Amma zan yi ƙarya in na ce ba na leƙen ƙannena in suna kwance a cinyarta.

A shekarar da nake ajin ƙarshe aka kawo mana wata malama, Bazabarmiya, mijinta jandarma ne da aka turo garinmu. Madam muke ce mata. Doguwa ce mai fara'a, Hausarta kuwa ta kan mayar da mace namiji, namiji mace, mu yi ta ƙunshe dariya a bayan allo. Ta lura duk bayan kayena, littafin rubutuna, zane ne, raƙuma da tuluna da matan da ke daka. Maimakon bulala, wata rana bayan an tashi sai ta kira ni ta buɗe wani ɗan akwati na kwali. Alli ne a ciki, amma ba irin wanda muka sani ba: launi-launi, mai laushi kamar kwalli, in kika ja shi a takarda sai ya bar gari, ki murza da yatsa ya baje kamar hayaƙi. Ta ce sunansa fastel. Ta ce in tafi da shi gida in zano mata abin da ya fi komai kyau a gidanmu. Na sa akwatin cikin zanena na riƙe shi da hannu biyu har gida, ko gudu ban yi ba.

A daidai lokacin nan ne gidanmu ya shiga wani hali. Baba ya sami aiki a kamfanin siminti na Malbaza, har an ba shi gida, ya fara zuwa yana dawowa ƙarshen mako. Ya ce da an yi hutun lakwal za mu tashi gaba ɗaya, kakata kaɗai za ta zauna da ƙanensa. Inna ta ce ba ta zuwa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi yaji ba, cewa kawai ta yi, "Malam, ka tahi aikinka, Allah shi ba da sa'a. Ni ɗakin ga aka kawo ni." Matan da suka taɓa zuwa can sun gaya mata ɗakunan na siminti ne, bango kamar dutse, ko ƙusa ba ta shiga, balle a manna faranti. Ga danginta duk a Ƙonni suke. Daga ranar ta daina waƙa in tana niƙa, ta daina dariyar nan tata da ake ji har zaure. Baba in ya zo sai ya ci tuwo a tsaye ya fita masallaci. Mu yara muka fara raɗa a tsakaninmu: wa zai bi Baba, wa zai zauna?

Ni dai ban yi dogon tunani a kan abin da zan zana ba. Baba ya taɓa kawo mana tsaraba a ƙunshe cikin takardar buhun siminti, na ɓare ta na ciro ta tsakiya, mai tsabta, ruwan ƙasa, mai ɗan kaushi. Na shimfiɗa ta a kan faifai na zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna. Fanteka ba su ba ni wahala ba, da gado. Da na zo kan tasoshi sai na ɗauki rawaya na cika su tas, don ai kowa ya san tagulla rawaya ce. Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta ɗan karkato kai, ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan, ni ban jera kabewa ɗakina ba." Ƙannena suka fashe da dariya. Na duba, wallahi kabewa ce, manya-manya, an jera su a bango.

Washegari na kai wa Madam ina cika ina batsewa, na ce allin ne ba ya ƙyalli. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce za ta zo ta ga ɗakin da idonta. Ta zo ranar Lahadi da hantsi. Inna ta rikice, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura da nono mai kyau. Da Madam ta shiga ɗakin sai ta tsaya ta riƙe baki. Ta ce, "Inna, ɗakinki ta yi kyau! Wannan yarinya ya yi sa'a." Inna ta sunkuyar da kai, na ga tana danne dariya.

Madam ta zaunar da ni a gaban babbar tasa ta ce, "Manta tasa ce. Gaya mini abin da kike gani."

Na ce, "Rawaya."

Ta ce, "A'a, wannan abin da kika sani ne. Duba."

Na duba, na daɗe ina dubawa. Sai na ga ƙofa a ciki, farar tsiri a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Na ga azara baƙi ƙirin ta kewaye bakin tasar. Na ga jan daɓe a ƙasanta, da kore-kore na darbejiyar tsakar gida, da ɗankwalin Madam, da ni kaina da ƙaton goshi da 'yan ƙafafu. Rawayar da na cika takarda da ita ashe 'yar kaɗan ce, a gefe-gefe. Madam ta ce in fara da duhu, in sa baƙi da ruwan ƙasa ba tsoro, fari kuwa in bar shi sai ƙarshe, in danna shi da ƙarfi a wuri ɗaya kusa da inda ya fi duhu, kada in murza. Ta gwada mini a gefen takarda da ja biyu ko uku, sai ga abu yana walƙiya kamar an jiƙa shi. Sannan ta ce haske na canzawa, don haka kullum da hantsi zan riƙa yi, kuma duk abin da ya shiga tasa ranar farko dole ya zauna inda yake har in gama. Ta leƙa cikin tasar ta ce, "Ga Inna nan a bakin gado. Inna, shi ma sai ya zauna."

Inna ta ce, "Ni? Madam, wa za shi yi min aikina?"

Madam ta ce, "Ki kawo aikin nan."

Abin da ba ta iya yi wa baƙuwa shi ne musu. Haka aka yi, duk Alhamis da Lahadi da hantsi Inna ta kan zauna a bakin gado da faifan wake tana tsinta, ko gyaɗa tana ɓara, ni kuma ina ƙasa na ba ta baya, fuskata ga jere. Gugar Alhamis ma aka mayar da ita bayan azahar, kakata na ta mita. Da farko shiru muke yi, sai ƙarar wake a faifai da kartar alli a takarda. Amma akwai abin da na gano: in na duba cikin tasa, Inna na dubana a ciki. Ido cikin ido, ba ta kawar da kai. Ai ba ni take kallo ba, tasarta take kallo, wa zai ce ta yi rashin kunya? Ni ma ban nuna na gani ba.

Sannu a hankali ta fara magana, kuma da jeren take yi, ba da ni ba. Ta ce babbar tasar nan ta kakarta ce, a kan raƙumi ta zo daga Gobir. Ta ce farantan nan masu bakin shuɗi ita da yayarta suka kawo su daga Sakkwato, a hanya jaki ya yi tutsu, guda ya fashe, suka zauna bakin hanya suna kuka suna dariya. Ranar da na zo kan wata 'yar tasa mai lotsawa a gefe, na tsaya ina tunanin ko in gyara ta a zane. Inna ta ce, "A bar ta da lotsawarta. Wata ce tana rarrafe ta jawo ta, jere ya biyo ta gaba ɗaya. Na shigo da gudu, tasoshi ko'ina." Ta ɗebi wake ta zuba a faifai. "Ba tasa na fara ɗauka ba." Na sunkuya a kan takardata na yi ta murza wuri ɗaya da yatsa, don kada ta ga fuskata a cikin tasar.

Da zanen ya kusa ƙarewa ta taso ta tsaya a kaina. Ta daɗe. Can ta ce, "Mi ya sami hancina? Kamar ludayi!" Na ce haka yake a tasa. Ta ce ƙarya ne, ita ta san hancinta. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce, "Inna, duba ki gani." Ta durƙusa ta kai fuskarta kusa da babbar tasa. Hancin ya cika tasar, idanu suka koma gefe kamar na akuya. Ta ja da baya, ta sake matsowa, ta murguɗa baki, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zane, kakata ta taho da sanda tana tambaya ko lafiya. Aka ce ita ma ta duba. Ta duba ta ce, "A'uzubillahi! Wace tsohuwa ce wagga?" Rabon da a ji irin wannan dariya a gidanmu tun kafin zancen Malbaza.

Madam ta jiƙa ƙaro a ruwa ta tace, ta fesa wa zanen da baki ta cikin wani ɗan siririn kara don kada garin allin ya zube. Muka jingine shi a kan gado ya bushe. Da Baba ya dawo ƙarshen makon, ƙannena suka ja shi har ɗakin kafin ya cire takalmi. Ya tsaya ya dubi zanen, ya dubi bango, ya sake duban zanen. Ya ce, "Ikon Allah. Kamar in ƙwanƙwasa in ji ƙara." Sai ya fara bin tasoshin da yatsa daga nesa. Ga Inna a bakin gado, ga ni da goshi, ga ƙafar kakata a bakin ƙofa, ga autanmu a cikin madubi yana leƙe, har kazar da ta saba shigowa tana cikin murfin langa. Ya ce, "Kowa na ciki, har kaza. Ni fa?"

Inna na tsaye a bayansa da ƙwaryar ruwa. Ta ce, "Ai kana Malbaza."

Baba ya karɓi ruwan ya sha, ya ce, "Haka ne," ya fita a hankali. Inna ta tsaya tana duban zanen, ƙwaryar na hannunta. Ni dai na tattara allina na koma ɗakin kakata, ina ganin na ƙara ɓata abin da ya riga ya ɓaci.

Da safe ina shara sai na ji ta tana ce wa kakata ta ara mata tsofaffin zannuwa da duk wani tsumma da ke ɗakinta. Kakata ta ce na mene ne. Ta ce, "Na naɗe kwanoni. Ko so kike su isa can duk a lotse?" Baba na bakin randa yana alwala, na ga hannunsa ya tsaya. Inna ta juya wajensa ta ce, "Amma da sharaɗi, Malam. Ka sa kafinta shi yi min katakai a bango. Kuma tasoshina ba su hawa bayan kamyo, gaba za su zauna, bisa cinyata." Baba ya ce, "Awo. Ko ni in hau baya." Kuma shi ya hau bayan babbar motar, tare da gado da turmi da mu yara. Muka wuce Tsarnawa yana riƙe da hularsa da hannu guda, da guda yana riƙe da autanmu, yana ta rera wata waƙar noma da ban taɓa jin ya yi ba. Zanen kuwa kakata muka bar wa, ta rataye shi a ɗakinta tana nuna wa duk mai shigowa ƙafarta. Ya yi shekaru a nan kafin gara ta cinye shi wata damina.

Ɗakin Malbaza fari ne fat, mai taga ta gilashi, maganarki ma sai ta dawo miki. Kafinta ya yi katakan kamar yadda aka ce. Muka wuni muna kwance tsummoki muna miƙa wa Inna, tana jerawa tana saukewa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Matan maƙwabta, wasu Zabarmawa wasu Buzaye wasu daga Damagaram, suka yi ta leƙowa suna sannu da zuwa. Ba mu gama ba sai da rana ta faɗi, ɗakin ya yi duhu, ta ce a nemo fitila a cikin kaya. Baba na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu yana jiran wannan. Ya ce, "Bari ku gani." Ya miƙa hannu ya taɓa wani abu a bango.

Ƙwan lantarki ya kama a tsakiyar rufi, kuma a take kowace tasa, kowane faranti, kowane murfi ya kama nasa. Bango gaba ɗaya ya ɗauki wuta. Autanmu ya ƙwala ihu ya shige bayan gado. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Kashe, Malam, kashe, za ka ƙona min kaya!" Baba ya kai hannu yana dariya. Ta ce, "Tsaya." Ta matsa gaban jeren a hankali, ta bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan, ba ta juyo ba, ta ce, "Ke, allin naki ya rage?"

Na ce, "Saura guntaye, Inna. Farin ya kusa ƙarewa."

Ta ce, "Malam, ka ji. A nemo mata fari. Kuma ran Lahadi ba inda za ka, nan za ka zauna bakin ƙofa har ta gama."